Nazarin lamari: kwamfutar da ta so ta durƙusar da injin shinkafa a Sakkwato, da dabarar jirgin yaƙi da ta cece shi

Wurin da yadda anka haɗa shi

Kamfanin gyaran shinkafa ne matsakaici a bayan garin Sakkwato, ba sai an faɗi suna ba. Shanshera suke saye daga Goronyo da Wurno da Kware, in kasuwa ta buɗe har ɓangaren Argungu, su turara su busar su cashe su ɗura buhu mai kilo 50 da mai 25. Injinan daga waje anka kawo su, kuma waɗanda sunka zo haɗawa sun bar kwamfuta ɗaya a ɗakin kula da injina, ita ke nuna zafin na'urar busarwa da danshin shinkafa da tafiyar bel-bel ɗin da ke hawa da kaya sama. Windows 7 ce a kanta, irin wadda kowa ya sani, sai manhajar kamfanin da ya sayar da injin, da wani kati a cikin akwatin wanda ke magana da injina, da ɗan makulli mai kamar filash wanda in babu shi manhajar ba ta buɗewa.

Akwai wasu kwamfutoci biyu, ta sikelin mota a bakin ƙofa da ta ofis wurin kashiya. Duka ukun an haɗa su da waya ɗaya zuwa rawuta, na'urar da ke raba intanet, mai layin data, saboda Alhaji mai wurin yana son daga kujerarsa ya ga tan nawa ya shigo tan nawa ya fita, su kuma masu injin suna son su riƙa leƙowa ta intanet in an samu matsala, ba sai sun hawo jirgi ba.

Mai kula da tukunyar tururi da janareta wani dattijo ne ɗan garin, tsohon sojan ruwa da ya yi aikinsa a ɗakin injin jirgi can kudu har ya yi ritaya, kowa Baba injiniya yake ce masa. Tun ranar da anka ja wayar nan ya ce bai gamsu ba, amma dai ba fanninsa ba ne a idon mutane, shi na ƙarfe ne da baƙin mai, don haka anka saurare shi da ladabi anka ci gaba.

Nuwamba zuwa Disamba: alamun farko

Da sabuwar shinkafa ta fara shigowa aiki ya koma dare da rana, sai kwamfutar ɗakin injin ta fara nauyi. A danna abu sai an jira, fanka na ihu kamar za ta tashi sama, wani lokaci lambobin allo su tsaya cak na ɗan lokaci sannan su zabura. Hunturu ya shigo, to kowa ya ce ƙura ce, kuma da gaske akwai ƙurar, an buɗe akwatin an hure an canza fanka an canza batirin da ke riƙe mata wuta. Ta ɗan yi sauƙi kwana kaɗan ta koma.

Abu biyu sun faru a lokacin da ba wanda ya haɗa su da wannan. Kashiya ya yi ƙorafin cewa fayilolin da ke filash ɗinsa duk sun koma shotkot, wato alamar fayil kawai ba fayil ɗin kansa ba, in ya danna sai baƙin allo ya ɗan gifta ya ɓace. Na biyu datar rawuta da ke kai wata sai ta riƙa ƙarewa cikin kwanaki, anka ɗora laifin a kan yara masu kallo a waya anka canza fasuwod.

Wajen ƙarshen Disamba cikin dare abin ya yi ɓarna. Shinkafa na cikin na'urar busarwa, ita kuwa ana son danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin 100 a tsaya, in ta wuce ko anka busar da ita da gaggawa ƙwayar tsagewa take yi ta ciki, in ta shiga injin casa sai ta karairaye. Allon ya daskare yana nuna danshi bai sauko ba, yaron da ke aikin dare kuwa allo ya sani, ya zauna yana jiran lamba ta motsa ita kuma ba ta motsa ba, wuta na ci. Sai da Baba ya zagayo wajen asuba ya sa hannu ya ɗebo ya tauna ya ce a kashe. Wannan zubin gaba ɗaya a farashin karyayya anka sayar da shi.

Da safe Alhaji ya so ya kori yaron. Baba ya ce ranka shi daɗe yaron ga ba shi da laihi, abin da allo ya gwada mai shi ya bi. Nan ne ya ba su labarin wani jirgin yaƙin Amurka mai suna USS Yorktown. A 1996 rundunar ruwan Amurka ta sa masa kwamfutoci 27 masu Windows NT 4.0 don su riƙa kula da injina da sauran sassa, a rage yawan ma'aikata a rage kashe kuɗi. Ranar 21 ga Satumba 1997 a gaɓar jihar Bajiniya ta Amurka wani ma'aikaci ya shigar da sifiri a wani gurbi, manhajar ta yi ƙoƙarin raba lamba da sifiri ta faɗi, faɗuwar ta bi waya ta kwantar da sauran, injin tafiya ya mutu, ƙaton jirgin yaƙi ya tsaya kan ruwa kusan awa 3 ba gaba ba baya. An yi ta gardama bayan nan ko laifin Windows ɗin ne ko na manhajar da anka ɗora mata, amma abin da Baba ya riƙe shi ne ba maƙiyi ba ne ya yi, ba harsashi ko ɗaya, kuma matsalar gurbi ɗaya ta kai ko'ina don komi na kan waya ɗaya. Yaron dai ya tsira da aikinsa.

Janairu: antibairos da fomatin

Anka kira mai gyaran kwamfuta daga cikin gari. Yana sa filash ɗinsa ya cire ya ga an cika masa shi da shotkot, ya ce ai cuta ce, kuma da ya duba ya tarar da wani abu na gudana a ɓoye yana cinye ƙarfin kwamfutar kusan duka yana ta aika saƙo waje, irin waɗanda ke haƙo kuɗin intanet na kirifto wa wani can da wutarka da datarka. Ga bayanin nauyi, ga bayanin zafi, ga inda data ke tafiya.

Ya sa antibairos, manhajar da ke kama cutar kwamfuta. Ta kama abubuwa da yawa ta share, amma cikin abin da ta kama har da wani fayil na manhajar injin da ba ta gane ba, ta kulle shi, washegari manhaja ta ƙi buɗewa kamfani ya yini ba aiki motoci na layi a waje. Da anka dawo da fayil ɗin kuma sai ga wata matsalar, duk lokacin da antibairos ta fara bincikenta sai lambobin allo su riƙa makara, wato ciwon da ake gudu shi maganin ke kawowa. Ga shi kuma kullum tana son intanet don ta sabunta kanta, intanet ɗin da ita ce rabin matsalar.

Sai anka ce a yi fomatin. An kwashe komi an sa Windows 7 sabuwa daga faifan mai gyara, an maida manhajar injin, masu injin sun leƙo ta intanet sun daidaita ta. Ta yi lafiya lau, kowa ya yi hamdala. Ba a cika sati biyu ba fanka ta koma ihunta.

Dalilin a fili yake in an tsaya an duba, kwamfuta ɗaya anka wanke, ta sikeli da ta ofis na nan da cutarsu kuma waya ɗaya ta haɗa su, ga filashi na yawo tsakaninsu. Kuma Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft ta daina ba ta facin tsaro, wato gyaran da ke toshe kafofin da cuta ke shiga ta ciki, ta ma sanar da ranar shekaru kafin nan, to duk ƙofar da anka gano a jikinta bayan wannan rana a buɗe take zaune, wadda anka sa daga tsohon faifai kuwa ko facin da anka yi kafin 2020 ɗin ba ta da su.

Irin wannan ya taɓa cin manya. Wata cuta da ake kira Conficker ta ɓulla a Nuwamba 2008 tana bin wata kafa a Windows wadda an riga an fitar da facinta tun Oktoba, sai dai ba kowa ya sa ba. A Janairu 2009 ta shiga Intramar, hanyar sadarwar cikin gida ta sojan ruwan Faransa, har sai da anka yanke hanyar ana komawa tarho da faks, jaridu kuma sunka ruwaito cewa jiragen sama na Rafale sun kasa sauke tsarin tashinsu. Filash ake zargi ya kai ta. A watan dai kwamfutocin ofis na cikin wasu jiragen yaƙin Birtaniya, har da HMS Ark Royal, sun kamu da cuta, imel ya tsaya. Abin lura a na Birtaniyar shi ne kwamfutocin harkar ofis ne sunka kamu, hukuma ta ce na makamai da na tuƙi ba su taɓu ba, don ba hanyarsu ɗaya ba.

Fabrairu: a canza Windows ɗin mana

Ɗan Alhaji da ke jami'a ya ce a daina wahala a sayi sabuwar kwamfuta mai sabuwar Windows. Magana ce mai hankali, kuma an saya. Katin da ke magana da injina ya ƙi aiki a kanta, don direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, na Windows 7 ne kawai. Anka tuntuɓi masu injin, sunka ce wannan katin sun daina yinsa, sai dai a sayi sabon kati da sabuwar manhaja da sabon lasisi kuma mutuminsu ya zo da kansa, komi da dala. Alhaji ya ji kuɗin ya ce a dakata tukuna. Sabuwar kwamfutar ta koma ofis.

Wani ya kawo shawarar Linux, wata babbar manhaja da ake sawa a madadin Windows, tunda ba ta cika kamuwa da cututtukan filash ɗin nan ba, kuma haka ne, jirgin yaƙin Amurka USS Zumwalt ma a kan Linux anka gina tsarin kwamfutocinsa, amma shi tun daga tushe anka rubuta manhajojinsa don ita. Manhajar injin shinkafar nan Windows kaɗai ta sani, maganar ba ta wuce teburin shayi ba.

A nan ne ya kamata mutum ya ɗan tsaya, don wannan shi ne gindin lamarin ga jirgi da injin shinkafa duka. Ƙarfe yana daɗewa. Yorktown ya shiga aiki 1984 ya fita 2004. Jiragen ƙarƙashin teku na Birtaniya samfurin Vanguard masu ɗauke da makamin nukiliya tun 1993 na farkonsu ya shiga aiki kuma har yanzu suna teku. Ita kuwa Windows kowace wajen shekara 10 ake kula da ita a wuce gaba, Windows XP ta ƙare 8 ga Afrilu 2014, Windows 10 ma an rufe nata 14 ga Oktoba 2025. A Disamba 2008 Birtaniya ta kammala sa wa jiragenta na ƙarƙashin teku wani tsarin ba da umarni mai suna SMCS NG da anka gina kan XP, saboda ya fi arha da sauƙin samun kayan gyara a kan ƙera na musamman, ba a cika shekara 6 ba XP ɗin ta tsufa a kasuwa. Sojan ruwan Amurka kuwa a 2015 sai da sunka sa hannu kan kwangilar wajen dala miliyan 9 da Microsoft don a ci gaba da yi masu facin XP da wasu tsofaffin manhajoji, saboda suna da kwamfutoci wajen 100,000 da ba su gama rabuwa da su ba. Su suna da kuɗin sayen ƙarin lokaci, Alhaji ba shi da wannan ƙofar ko da yana so.

A watan nan ne kuma manaja ya manna takarda a bango, an hana sa filash ko waya a kwamfutar ɗakin injin, wanda anka kama a bakin aikinsa. Takardar ta yi kyau. Ba wanda anka kama, cutar kuma ta sake dawowa bayan wankin da anka ƙara yi.

Maris: Baba ya karɓi aikin

Baba ya ce a ba shi dama, shi bai iya kwamfuta ba amma ya iya jirgi. Abin da ya fara yi bai taɓa ko maɓalli ba, kwana ya riƙa yi a wurin yana kallo. Abin da ya gani, duk sanda anka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, da lokacin da ake kashe janareta don hutu, wuri ɗaya ne ke da wuta a duk kamfanin, kwamfutar ɗakin injin, don ita ke da batir. To nan leburori da direbobin da ke kwana a layi ke kawo wayoyinsu caji, kebul a jikin kwamfuta, wasu ma har da ɗan katin waya da filash ana tura wa juna waƙoƙi da wa'azi. Ya tambayi ɗaya, yaron ya ce Baba wallahi caji na kawai, mi zai yi mata. Shi kuma magatakardan sikeli firintarsa ta lalace tun damina, kullum sai ya kwafi takardun kaya a filash ya kai shagon buga takardu a cikin gari ya dawo da shi ya maida.

Ya gaya wa Alhaji cewa a jirgi ba a gina ciki ya zama fili ɗaya, ɗaki-ɗaki ake yi da ƙofofin ƙarfe masu hana ruwa wucewa, don an san wata rana ruwa zai shigo, abin da ake so kar ya wuce ɗakin da ya fasa. Ya ce haka zai yi wa kwamfutocin, mai gyara ya riƙa aikin hannu shi yana faɗin tsari.

Ranar wata Juma'a da ba a aiki anka tattara duk wani filash da ke kamfanin, anka cire wayar da ta haɗa kwamfutocin, anka wanke ukun a yini ɗaya kowace ita kaɗai. Ta ɗakin injin daga faifan asali da ya zo da injin anka sa mata komi, wanda ashe yana cikin durowar manaja a ledarsa. Da ta daidaita, kafin wani abu ya taɓa ta, anka kwafi rumbunta, wato ma'ajiyar da komi nata ke ciki, gaba ɗaya a kan wasu rumbuna biyu, anka gwada kowane ya tashi, ɗaya na sef ɗin ofis ɗaya na gidan Alhaji. Makullin manhaja anka maida shi cikin akwatin, sauran ramukan filash anka toshe su da gam, akwatin kansa anka sa shi a keji da kwaɗo. Masu aiki anka buɗe masu asusun da ba ya iya sa sabuwar manhaja ko canza komi. Antibairos ba a maida ta nan ba, an bar ta a ofis da sikeli inda take da amfani. Wayar intanet na nan a naɗe a bango, in masu injin na son leƙowa sai sun kira, Baba ya jona da hannunsa ya zauna yana kallon allo, suna gamawa ya zare.

Sai abubuwan da ba na kwamfuta ba, waɗanda a ganina su sunka riƙe sauran. An sayi firinta ƙarama an aje a sikeli. An kafa allon katako mai soket da yawa a rumfar direbobi da ɗan sola da batirinsa, kowa ya yi cajinsa kyauta. An maƙala ma'aunin zafi mai allura a jikin na'urar busarwa, an sayi ma'aunin danshi na hannu, kuma dole kowace awa mai aiki ya auna ya rubuta a littafi kusa da abin da allo ya ce, in sun saɓa da yawa a tashi Baba ko ƙarfe nawa ne. Ya kuma riƙa kashe allon da gangan wani lokaci ya ce to ku ci gaba, har sai da kowane mai aikin dare ya iya sauke zubi ba tare da kwamfuta ba. Yaran sun yi ta gunaguni, wai ya maida su barikin soja.

Inda anka yi ja-in-ja shi ne Alhaji, don ya rasa ganin lambobinsa kai tsaye daga ofis. Baba ya ce ranka shi daɗe ko dai ka gani daga kujera ko injin shi kwana lahiya, zaɓi guda. Anka sasanta kan cewa ƙarshen kowane aiki a ɗauki hoton allo da na littafi a tura masa ta WhatsApp. Baba ya ƙara masa da cewa ko sojan Amurka a Nuwamba 2008 hana filash sunka yi gaba ɗaya, bayan wani filash da anka soka a laftof a wani sansaninsu na Gabas ta Tsakiya ya kai cuta har cikin hanyoyinsu na sirri, kuma sun fi shekara suna shara.

Afrilu zuwa damina: abin da ya biyo baya

Gwaji biyu sunka zo da kansu. A tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke wuce digiri 40, rumbun kwamfutar ɗakin injin ya mutu da rana tsaka, ba cuta ba, tsufa da zafi. Masu aiki sunka ci gaba da ma'aunin hannu, anka ɗauko na sef anka sa, kafin la'asar allo ya dawo, ba a yi asarar buhu ko ɗaya ba, anka sayi wani rumbun anka sake kwafi. Daga baya kwamfutar ofis ta sake kamuwa, wani ɗan kwangila ne ya kawo takardunsa a filash. An wanke ta, ɗakin injin bai ma san an yi ba. Datar rawuta ta koma kaiwa wata.

Hukunci

Ƙura da zafi da wuta duk gaskiya ne amma ba su ne ciwon ba, su sunka ɓoye shi. Antibairos da fomatin sun kasa don suna wanke ɗaki ne ƙofa a buɗe, canza Windows ya kasa don katin injin ya ɗaure su, takardar bango ta kasa don mutumin da wayarsa ta mutu cikin dare zai nemi wuta duk inda take, kuma magatakarda dole ya buga takardarsa. Ni ban ga laifin Windows ɗin a karan kanta ba, an yi ta ne don ofis da gida inda in ta tsaya a kashe a kunna, kuma arharta da yawan masu iya gyaranta su sunka sa har jiragen yaƙi ke ɗaukarta, yawan nata kuma shi ya sa duk mai rubuta cuta ita yake fara nufa. Kuskuren na ranar haɗawa ne, da anka ɗora mata aikin da ba ya son tsayawa sannan anka haɗa ta da duk abin da ke yawo a gari, ba tare da an tambayi masu injin shekara nawa za su tsaya mata ba.

Tsarin Baba kuma lokaci ya saya, bai warkar ba. Windows 7 ɗin na nan da kafofinta, an dai nisanta ta da masu shiga, kuma duk ranar da anka jona wayar nan don masu injin akwai kasada. Katin nan guda ɗaya ne, in ya ƙone babu na canji a kasuwa, kuma rabin tsarin a kan Baba yake tsaye, mutumin da ya riga ya yi ritaya sau ɗaya. Yanzu Alhaji na maganar ƙara layin injina na biyu, kuma cikin sharuɗɗan da anka rubuta wa masu sayarwa akwai cewa su faɗi a takarda wace babbar manhaja ce a ciki da shekarar da za a daina kula da ita, su ba da katin canji tun yanzu, kuma injin ya iya aiki da hannu in allo ya mutu. Kamfani biyu sun amsa, ɗaya ya ƙara kuɗi a kan sharaɗin katin, ana kan ciniki.